Tabar Wiwi a Gaban Doka: Tambayoyi da Amsoshi kan Sha a Keɓe, Shukawa a Gida da Mallaka

Duk lokacin da wata majalisa ko kotu ta taɓa batun tabar wiwi, ba a jimawa sai labari ya bazu cewa ƙasa kaza ta halatta ta. Wanda ya zauna ya karanta dokar da kanta zai tarar cewa ƙofar da aka buɗe 'yar ƙarama ce, an kuma dabaibaye ta da sharuɗɗa na shekarun mai sha, da wurin da zai sha, da nauyin abin da zai riƙe, da yawan tsiron da zai shuka. Tambayoyin da ke ƙasa sun bi waɗannan sharuɗɗa ne, domin a gefensu mutane ke faɗawa hannun hukuma alhali suna zaton doka tana tare da su.

Idan aka ce wata ƙasa ta halatta wiwi, me ake nufi da hakan?

Abubuwa uku ne mabambanta ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Na farko shi ne halattawa ta sosai, inda doka ta fito fili ta ce baligi yana da ikon riƙe wani adadi ba tare da hukunci ba, kamar yadda Urugwai ta yi a watan Disamba na 2013 a zamanin Shugaba José Mujica, Kanada kuma ta bi sahu ranar 17 ga Oktoba, 2018. Na biyu shi ne sauke abin daga matsayin laifin da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa, amma ya ci gaba da zama haramtacce. Fotugal ce aka fi sani da wannan: tun daga Yulin 2001, wanda aka kama da abin da bai wuce na shan kwana goma ba, wato kimanin giram 25 na ganye, ana ƙwace kayan a tura shi gaban wani kwamiti na ma'aikatan lafiya da walwala da masanin shari'a, maimakon gaban alƙali.

Na uku shi ne kawar da kai, kuma Holan ce uwa a fagen. Mutane da yawa suna ɗauka wiwi halal ce a Amsterdam, babban birnin ƙasar, alhali a rubuce haramtacciya ce har gobe. Abin da ke faruwa shi ne, tun bayan gyaran doka na 1976, masu gabatar da ƙara sun ɗauki manufar ƙin bin diddigin ƙaramin adadi, wanda a yau yake giram 5, kuma suna ƙyale shagunan da ke sayarwa matuƙar sun kiyaye ƙa'idoji. Bambancin yana da nauyi ƙwarai, domin wanda doka ta bai wa haƙƙi zai iya kare shi a kotu, amma wanda aka kawar wa kai kurum, alfarma ya samu, kuma ɗan sanda na iya ƙwace abin da ke hannunsa ko da bai kai giram biyar ba.

Me ya sa yawancin ƙasashen duniya suka haramta ta tun da fari?

Haramcin ya samu gindin zama ne ta hanyar yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, musamman ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961, wadda ta taƙaita wiwi ga magani da binciken kimiyya, sai kuma ta 1988 da ta nemi ƙasashe su hukunta fatauci. A watan Disamba na 2020 hukumar Majalisar mai kula da miyagun ƙwayoyi ta kaɗa ƙuri'a, 27 na goyon baya, 25 na adawa, aka cire wiwi daga rukuni na huɗu, wanda aka ware wa abubuwan da ake ganin haɗarinsu ya yi yawa kuma amfaninsu a likitance kaɗan ne. Duk da haka tana nan a rukuni na ɗaya da ake sa wa ido sosai, shi ya sa ƙasashen da ke son sassautawa suka fi samun sauƙin taɓa abin da mutum ke yi a cikin gidansa fiye da buɗe kasuwa.

Mene ne amfani na ƙashin kai a keɓe, kuma daga ina wannan haƙƙi ya samo asali?

Shari'ar da ta fi fito da ma'anarsa ita ce ta Afirka ta Kudu. Ranar 18 ga Satumba, 2018, Kotun Tsarin Mulki ta ƙasar, a hukuncin da Mataimakin Alƙalin Alƙalai na lokacin Raymond Zondo ya rubuta, ta ce haramta wa baligi shan wiwi, ko mallakarta, ko shuka ta a keɓe domin amfanin kansa, ya saɓa wa 'yancin sirrin rayuwa da sashe na 14 na tsarin mulki ya tanada. Abin lura shi ne, Gareth Prince, ɗaya daga cikin waɗanda suka kai ƙarar, ya taɓa zuwa wannan kotu da hujjar addininsa na Rasta a 2002 ya sha kaye. Da hujjar ta koma ta sirrin rayuwa, sai ƙofar ta buɗe.

Kotun ba ta tsaya a kan bangon gida kaɗai ba, ta yi magana ne a kan keɓantawa, ta yadda abin da ke cikin aljihun mutum domin shansa shi kaɗai zai iya shiga cikin kariyar. Amma ta gindaya iyaka a fili: ba a sha a bainar jama'a, ba a sha a gaban yara, ba a sha a gaban baligin da bai amince ba, kuma saye da sayarwa suna nan a matsayin laifi. An bai wa majalisa wata 24 ta gyara doka, amma sai a watan Mayu na 2024 Shugaba Cyril Ramaphosa ya rattaba hannu a kan dokar amfani da wiwi a keɓe, wadda ita ma ta bar wa ministan shari'a aikin fayyace adadi a cikin ƙa'idoji. A tsawon waɗannan shekaru ɗan sanda ne ke kallon abin da ya kama ya yanke wa kansa ko na sha ne ko na sayarwa, kuma duk dokar da ta bar irin wannan hukunci a hannun jami'in da ke bakin titi, talaka ne ya fi jin ta a jikinsa.

Irin wannan hanya ta kotu aka bi a Kolombiya tun 1994, da ƙasar Jojiya a 2018, da Meziko a 2021. A Birazil ma, a watan Yuni na 2024, kotun ƙoli ta ce wanda aka samu da abin da bai wuce giram 40 ba, ko tsiro mace shida, za a ɗauke shi mai sha ne har sai an kawo shaidar fatauci.

Nawa ne aka yarda mutum ya riƙe?

Babu adadi ɗaya, kuma galibi akwai ma'auni biyu: na waje da na gida. A Jamus, daga 1 ga Afrilu, 2024, baligi zai iya fita da giram 25, ya kuma ajiye giram 50 na busasshiya a mazauninsa. Malta, wadda ta riga kowa a Tarayyar Turai a Disambar 2021, ta yarda da giram 7 a waje da 50 a gida. Kanada ta sa giram 30 na busasshiya a bainar jama'a. Luksamburg kuwa ta halatta sha a gida a 2023, amma fita da ita ko da giram uku ne yana jawo tara.

Akwai tarko a wajen aunawa. Wiwi ba ganye ba ce kaɗai. Ana samun ta a matsayin ɗanyen fure, da daskararren ƙaro, da mai, da kayan ci. Dokar Kanada ta yi jadawalin musaya: giram ɗaya na busasshiya daidai yake da giram 5 na ɗanya, ko giram 15 na kayan ci, ko rubu'in giram na tataccen abu, ko ƙwayar iri ɗaya. Ke nan 'yar kwalba ta tataccen mai da ba ta cika tafin hannu ba za ta iya kai mutum bakin iyaka, shi kuwa yana ganin bai riƙe komai ba.

Me zai faru idan mutum ya ɗan zarce adadin?

Wasu dokokin sun bar 'yar tazara tsakanin halal da babban laifi. A Jamus, giram 25 zuwa 30 a waje, ko 50 zuwa 60 a gida, saɓa ƙa'ida ce ta tara. Abin da ya haura nan kuma sai kotu. A Malta, giram 7 zuwa 28 na kai mutum gaban wani kwamishinan shari'a ya biya tara ba tare da an rubuta masa tarihin laifi ba. Sai dai nauyi ba shi kaɗai ake dubawa ba. Idan aka tarar da kayan an ƙulla su ƙulli-ƙulli, ga sikeli a gefe, ga kuɗi ƙanana da yawa, ga saƙonnin ciniki a waya, to mai gabatar da ƙara zai iya kafa tuhumar dillanci ko da adadin bai kai iyaka ba.

Shin wanda aka yarda ya sha, an yarda ya shuka a gidansa ke nan?

A'a, biyun ba sa tafiya tare dole. Fotugal ta sassauta wa mai sha amma shukawa tana nan a matsayin laifi. A Amurka, jihar Washington na cikin biyun farko da suka halatta wiwi a 2012, amma ba ta bai wa mai sha don nishaɗi izinin shuka ba, haka ma Niyu Jasi. Ita kuwa Kolorado, wadda ta halatta a shekara guda da Washington, ta yarda da tushe shida ga baligi, uku kaɗai daga ciki su kasance masu fure a lokaci guda.

Inda aka yarda, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko lissafin na mutum ne ko na gida. Jamus ta ce tushe uku ga kowane baligi. Kanada da Malta da Luksamburg sun ce huɗu ga gida gaba ɗaya, ko mutum nawa ne ke zaune a cikinsa. Urugwai ta yarda da shida ga gida, da girbin da bai wuce giram 480 a shekara ba, bisa sharaɗin mai shukar ya yi rajista da hukumar da ke kula da harkar. Yankin babban birnin Ostireliya, tun daga Janairun 2020, ya ba da tushe biyu ga mutum, huɗu ga gida, ya kuma hana shuka ta hanyar ruwan taki da fitilun lantarki. Ko a cikin ƙasa ɗaya ma akan sami saɓani: lardin Kwibek na Kanada ya hana shuka a gida baki ɗaya, kuma a Afrilun 2023 kotun ƙolin ƙasar ta ce lardin yana da hurumin yin haka.

Dalilin da ya sa wasu dokokin ke ambaton tsiro mace shi ne, a furenta ne sinadarin THC mai sa maye ya fi taruwa. Namiji ba ya ba da abin kirki, masu shuka kan tumɓuke shi da zarar sun gane shi, amma a dokokin da ba su bambance ba, shi ma yana cikin lissafi muddin yana tsaye a tukunya.

Idan tsiron da doka ta yarda da shi ya ba da girbin da ya fi adadin mallaka fa?

Wannan ita ce matsalar da ta fi ɗaure wa masu shuka kai a Jamus. A ɗauka wani mutum ne yana da tukwane uku a barandar benensa, ya yi wata da watanni yana ban ruwa, bai karya doka ko ɗaya ba. Ranar girbi ya yanke rassan ya rataye su a ɗaki su bushe, bayan mako biyu ya ɗora a sikeli ya ga giram 120. Tsiro ɗaya mai lafiya ma zai iya ba da fiye da giram hamsin, balle uku. Daga wannan lokaci abin da ke gabansa ya ninka iyakar da aka yi masa, ba shi da ikon sayar da rarar, ba shi da ikon bai wa maƙwabci, abin da ya rage masa shi ne ya lalata ta. Shi ya sa masu shuka a can suke tsara girbinsu tushe bayan tushe. A ganina wannan gurbi ne na rashin daidaito a rubutun dokar, domin ta ba da izinin shuka abin da ta hana ajiyewa. Urugwai ta kauce wa wannan ta hanyar yin lissafin girbi na shekara.

Zan iya bai wa aboki kyauta, tunda ba sayarwa na yi ba?

Ya danganta da ƙasa, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure cikin kyakkyawar niyya. A Kanada baligi zai iya bai wa baligi har giram 30. A Jamus kuwa miƙa wa wani abin da ka shuka haramun ne ko ba a karɓi ko sisi ba. A Birtaniya, inda wiwi ke rukuni na biyu a ƙarƙashin dokar 1971, bai wa aboki ana lissafa shi a matsayin samar da ƙwaya, wanda mafi tsananin hukuncinsa ɗaurin shekara 14 ne, yayin da na mallaka kaɗai yake shekara 5.

Musayar da ba ta kuɗi ba, kamar a ba da wiwi a karɓi wani kaya ko wata hidima, dokoki da yawa suna kallonta a matsayin ciniki. Abu ɗaya kuma da babu saɓani a kansa shi ne bai wa yaro: Kanada, duk da sassaucinta, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya ba ko ya sayar wa ƙaramin yaro.

To wanda ba ya iya shuka, daga ina zai samu ba tare da karya doka ba?

Kanada da mafi yawan jihohin Amurka da suka halatta suna da shaguna masu lasisi. Urugwai ta fara sayarwa a kantunan magani a Yulin 2017, giram 40 a wata ga wanda ya yi rajista, kuma dole mutum ya zaɓi hanya ɗaya tak daga cikin uku: shuka a gida, ko kantin magani, ko ƙungiya mai mambobi 15 zuwa 45. Jamus da Malta sun ƙi buɗe shaguna, suka amince da ƙungiyoyin noma da ba na neman riba ba, masu mambobin da ba su wuce 500 ba. A Jamus ƙungiya za ta iya bai wa mamba giram 25 a rana, 50 a wata; ɗan shekara 18 zuwa 21 kuma giram 30 ne a wata, da ƙarfin THC da bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Ba a sha a harabar ƙungiyar.

Ƙungiyoyin Sifen, musamman na Basalona, wani abu ne daban, domin sun ginu ne a kan fassarar cewa sha a keɓe ba laifi ba ne, ba a kan wata dokar ƙasa da ta kafa su ba, kuma kotun ƙolin ƙasar ta sha samun shugabanninsu da laifi. Holan kuwa ta daɗe da abin da ake kira matsalar ƙofar baya: shago yana sayarwa ta ƙofar gaba ana kawar da kai, amma wanda ya noma ya kawo masa ta baya mai laifi ne. A Disambar 2023 ne aka fara gwajin noma mai lasisi a biranen Breda da Tilburg domin toshe wannan giɓi.

Mai gidan haya ko maƙwabta suna da ta cewa?

Suna da ita. Abin da dokar ƙasa ta daina hukuntawa, yarjejeniyar haya na iya hanawa, kuma a lardunan Kanada da jihohin Amurka da dama mai gida yana da ikon sa sharaɗin hana shan hayaƙi ko shuka, saboda wari, da danshin da ke ɓata bango, da haɗarin gobara daga fitilun noma. Wasu dokokin sun ce kada a hango tsiron daga titi, kamar ta lardin Biritish Kolombiya da ta Malta. Jamus ta wajabta a kare tsiro da iri da busasshiyar daga hannun yara da baƙi, ta hana sha a gaban ƙananan yara ko a cikin gida ne, ta kuma hana sha a inda ake hango makaranta ko filin wasan yara, wanda aka ƙiyasta da mita 100 daga ƙofa, da titunan masu tafiya a ƙasa daga ƙarfe 7 na safe zuwa 8 na dare.

Yaya batun tuƙi da wurin aiki?

Babu ƙasar da ta halatta tuƙi cikin maye. Wahalar tana wajen awo, domin THC ba kamar barasa ba ce da ke fita daga jini cikin sa'o'i kaɗan. Tana maƙalewa a kitsen jiki, kuma a wajen mai sha kullum ana iya ganin burbushinta a fitsari bayan makonni. Jamus ta sa iyakar nanogiram 3.5 na THC (nanogiram shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na giram) a kowace mililita ta ruwan jini daga Agustan 2024, ta hana sababbin direbobi da 'yan ƙasa da shekara 21 gaba ɗaya, ta kuma hana haɗawa da barasa. Kanada ta fara hukunci daga nanogiram 2, ta tsananta daga 5. Mutum zai iya sha da daddare a ɗakinsa bisa doka, washegari ya faɗi gwaji a kan hanya. Haka abin yake a wajen aiki, musamman ga matuƙa jirgin sama, da direbobin manyan motoci, da sojoji, da masu sarrafa injuna, inda ƙa'idar ma'aikata ke iya raba mutum da aikinsa a kan abin da kotu ba za ta hukunta shi ba.

Me ya sa ake cewa a Amurka halal ce kuma haram ce a lokaci guda?

Saboda akwai dokar jiha, akwai ta tarayya. Kusan rabin jihohin ƙasar sun halatta wa wanda ya kai shekara 21, amma dokar tarayya ta 1970 ba ta yarda da sha don nishaɗi ba, kuma a 2005 kotun ƙoli ta ce gwamnatin tarayya tana da ikon hukunta ko da mai shuka a gida domin magani a jihar da ta yarda. A aikace jami'an tarayya ba sa bin ƙananan masu sha, amma dokarsu ce ke aiki a gandun dajin ƙasa, da sansanonin soja, da kan iyaka, da kuma lokacin da aka tsallaka da kaya daga wata jiha zuwa wata. Wanda ba ɗan ƙasa ba ne ya fi shiga haɗari, domin shige da fice hurumin tarayya ne: amsa cewa ka taɓa sha, ko aiki a shagon wiwi mai lasisin jiha, na iya shafar biza ko takardar zama ko neman zama ɗan ƙasa.

Zan iya tafiya da ita daga ƙasar da ta halatta zuwa wata?

A'a, ko da ƙasashen biyu duk sun halatta. Kanada ta bayyana ƙarara cewa shiga ko fita da wiwi ta iyakarta laifi ne. Takardar likita ta wata ƙasa ma ba lallai ta yi amfani ba. A Fabrairun 2022 jami'an kwastan a wani filin jirgin sama na Mosko suka buɗe jakar 'yar wasan ƙwallon kwando ta Amurka, Brittney Griner, suka sami 'yan kwalaben man wiwi na sigarin lantarki da nauyinsa bai kai giram ɗaya ba. Lauyoyinta sun gabatar da shaidar likita daga ƙasarta, amma kotu ta yanke mata ɗaurin shekara tara, ba ta kuma fito ba sai ta hanyar musayar fursunoni a Disambar wannan shekara.

Wasu ƙasashen sun fi haka tsanani. Singafo tana yanke hukuncin kisa kan fataucin abin da ya haura giram 500, kuma ta zartar da irinsa a Afrilun 2023. Ita da Koriya ta Kudu suna iya hukunta 'yan ƙasarsu kan wiwin da suka sha a ƙasar waje, ko da halal ce a inda suka sha. Baƙo kuma kada ya ɗauka sassaucin ƙasar da ya ziyarta ya shafe shi: kantunan Urugwai na 'yan ƙasa ne da mazauna, ƙungiyoyin Jamus suna neman wanda ya zauna a ƙasar aƙalla wata shida.

Ƙasashen da suka ba da lasisin noma, ai sun halatta ke nan?

Noman magani ko na masana'antu wani babi ne daban. Lesoto ta fara ba da lasisin noman wiwi na magani a 2017, Maroko ta yi dokar noman magani da masana'antu a 2021, Ghana kuma a dokarta ta 2020 ta buɗe hanya ga nau'in da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, wanda ake nomawa domin zare da mai kuma ba ya bugarwa. Duk waɗannan lasisi ne ga kamfanoni da manoma masu rajista, ba su bai wa kowa izinin kafa tukunya a bayan ɗaki ba. Haka nan Birtaniya ta yarda ƙwararrun likitoci su rubuta maganin wiwi tun Nuwambar 2018, amma majinyacin da ya shuka da kansa mai laifi ne.

Waɗanda aka hukunta kafin a sauya doka fa?

Sauya doka ba ya goge tarihin laifi da kansa, sai an tanadi hakan. Dokar Jamus ta zo da afuwa ga hukunce-hukuncen da ba a gama zartarwa ba kan abin da yanzu ya halatta, lamarin da ya tilasta wa masu gabatar da ƙara sake buɗe ɗimbin fayiloli. Kanada ta buɗe hanyar neman jingine tarihin laifin mallaka kyauta a 2019, amma sai mutum ya nema da kansa. A Oktoban 2022 Shugaba Joe Biden ya yi afuwa ga waɗanda aka samu da laifin mallaka kaɗai a matakin tarayya, afuwar da ba ta taɓa hukunce-hukuncen jihohi ba, inda mafi yawan irin waɗannan shari'o'i suke. Dokar Afirka ta Kudu ta 2024 ita ma ta tanadi goge irin wannan tarihi.

Ana iya janye sassauci bayan an ba da shi?

Ana yi, kuma an yi. Birtaniya ta sauko da wiwi zuwa rukuni na uku a 2004, ta mayar da ita na biyu a 2009. Japan, wadda dokarta ta daɗe tana hukunta mallaka ba tare da ta ambaci sha ba, ta mayar da shan ma laifi a Disambar 2024. Tailan ce misalin da ya fi kusa: a Yunin 2022 ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi ba tare da majalisa ta kammala cikakkiyar doka ba, shaguna suka cika titunan Bankok da wuraren yawon buɗe ido, sai ga shi a Yunin 2025 ma'aikatar lafiya ta fitar da umarnin cewa ba za a sayar wa kowa furen ba sai da takardar likita. Da yake tun asali sanarwar minista ce ta buɗe ƙofar, wata sanarwar ministan ta isa ta ƙuntata ta, kuma masu shagunan da suka zuba jari a cikin waɗannan shekaru uku sun wayi gari da sabuwar ƙa'ida.